Me ake gani a tsohon birnin Erbil na kan tudu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Aiki zai kai ni Erbil a yankin Kurdawa na Iraƙi, an ce in leƙa tsohon birnin da ke kan tudu. Shin kufai ne irin na Babila, kuma ya cancanci in ware masa yini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka je, amma kada ka sa ran ganin fadojin Assuriyawa a tsaye. Gidajen bulo da ke saman, galibinsu na zamanin Daular Usmaniyya ne, daga ƙarni na 18 zuwa farkon na 20. Tsufan wurin yana ƙarƙashin ƙafarka. Tudun ba dutse ba ne kamar Dala, mutane ne suka yi ta gini a kan rusassun gidajen magabatansu har ƙasa ta taru ta kai kimanin mita 30. Rubuce-rubucen zamanin Sarki Shulgi na Ur, sama da shekara 4,000 da suka wuce, sun ambaci garin da sunan Urbilum. Assuriyawa sun ce masa Arba'ilu (Arbela a bakin Girkawa), kuma nan ne ɗaya daga cikin manyan wuraren bautar gunkiyarsu Ishtar yake. Kurdawa kuwa Hawler suke cewa. Ba a tona mafi yawan tudun ba har yau.

A 2007 aka kwashe mazauna domin gyara, aka bar iyali guda don kada zaman mutane ya yanke. A 2014 UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ni dai a ganina kwashewar ta rage wa wurin armashi, lungunan sun yi tsit da yawa.

Idan ka shiga ta babbar ƙofar kudu, nemi masallacin Mulla Afandi da tsohon gidan wanka na 1775, sannan gidan adana saƙar Kurdawa, inda za ka ga dardumai da kayan makiyaya. Ka fara tambaya, domin akan rufe wasu sassa saboda gyara.

Abin da zai fi jan hankalin Bahaushe shi ne Muzaffaruddin Kukuburi, mijin 'yar'uwar Salahuddin Ayyubi, wanda ya mulki Erbil daga 1190 zuwa 1233. Shi ne ya shahara da ƙasaitaccen bikin Maulidi, wanda masanin tarihi Ibn Khallikan, haifaffen garin, ya siffanta: ana jerin gwano da kyandirori daga kan tudun zuwa ƙasa. Hasumiyar Muzaffariyya mai tsayin mita 36 tana nan a yammacin tudun, ka ƙarasa can.

Rabin yini ya isa. Ka hau da la'asar, don da rani zafi yakan haura digiri 40, in ka sauko ka faɗa kasuwar Kaisariyya da ke gindin tudun ka sha shayi.