Sunan wane jarumi za mu sa wa gidajen wasanni?

Tambaya: Ni malami ne a wata sakandare a Argungu. Za mu raɗa wa gidajen wasanninmu huɗu sunayen jaruman yaƙi, amma zama biyu ke nan kwamiti na tashi baram-baram. Wasu sun kafe sai janar-janar, wasu sun ce sai mazan dauri. Da wane ma'auni za mu auna?

Amsa: Malam, Allah ya ba da ladan koyarwa. Ku fara raba muƙami da jarumta. Anini a kafaɗa yana nuna inda mutum ya kai a aiki, amma ba ya faɗin abin da ya yi ranar da wuta ta yi wuta. Duk sunan da aka kawo, ku tambaya: me ya yi a fagen daga, su wa ya kare?

Muhammadu Kanta ba ya buƙatar ƙuri'a. A farkon ƙarni na 16 ya ɓalle daga hannun Askiya na Songhai, ya gina Surame, ya gwabza da Borno. Ga gidan tarihi mai sunansa nan a garinku, da ƙafa ma yara za su je.

Ƙarni na 19 ne ke son takatsantsan. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, Yakubu Nabame na Kabi kuma ya tayar wa Gwandu da Sakkwato ƙayar baya a 1849. Duka mazaje ne, sai dai jikokin ɓangarorin biyu benci ɗaya suke zama a ajinku. Ku hango ranar tsere, ana ihu gidan wannan ya kayar da gidan wancan. Da ni ne, sai in bar su a darasin tarihi.

A sojan zamani zan ba ku Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan tankokin yaƙi da ya yi suna wajen ƙwato Baga daga Boko Haram a 2015, aka kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba, 2016. Ɗan jihar Kogi ne, kuma hakan ma darasi ne ga yara. Masu rai da waɗanda suka riƙe mulkin soja ku ɗaga musu ƙafa, don siyasa za ta biyo su har filin wasa.

Gida na uku ku kira shi Gidan Bama, wato ƙasar Burma (Myanmar ta yau). Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙi da Japanawa a dazukan can a Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. An sa wa barikoki sunayen wuraren da suka fafata, irin su Dalet a Kaduna da Arakan a Legas, su kuwa kuratan da kofurorin sunansu ya bi ruwa. A jiharku ma, ƙasar Zuru kowa ya san janar-janar ɗinta, amma masu igiya biyu da uku da ta ba ƙasar nan sun fi ƙarfin lissafi.

Na huɗun ku bar wa ɗalibai. Kowa ya tambayo a gida sunan sojan unguwarsu da ya rasu a bakin aiki, ku tantance a ofishin 'yan mazan jiya, ku nemi izinin iyalansa, sannan ku bayyana wanda aka zaɓa ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya.