Hukuncin fiɗiye zakaru don a hana su faɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Garwa ce. Ina kiwon kaji a bayan ɗaki, da su nake biya wa yara kuɗin makaranta tun rasuwar maigidana. Kajina sun yi ƙyanƙyasa, shida suka fito zakaru. Yanzu watansu biyar, sun fara cara, tsohon zakaran ya hana su sakat har ya tsiyaye wa ɗaya ido. An ce in fiɗiye su. Ɗana ya kalli yadda ake yi a waya, ya ce zai iya da reza. Wani kuma ya ce haramun ne, canza halittar Allah ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayun, ya sa albarka a kiwon.

Wanda ya ce miki fiɗiye dabba haramun ce kai tsaye ba da ka ya faɗa ba. Ya dogara da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya sha alwashin zai umarci mutane su canza halittar Allah, kuma akwai magabatan da suka fassara ta da fiɗiya. Malik ma ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Ibnu Umar yana ƙin ta. Amma wannan ra'ayi bai tsaya da ƙafafunsa ba. An ruwaito daga Ibnu Abbas da Mujahid cewa halittar da ake nufi addinin Allah ne, kuma ayar tana magana ne a kan mushirikan da ke tsage kunnuwan dabbobi don gumaka. Sannan Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu. Da fiɗiya ɓarna ce irin ta Shaiɗan, da bai zaɓi irin wannan rago ya kusanci Ubangijinsa da shi ba. Shi ya sa Ibnu Abi Zaid ya ce a Risala babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran namansu, aka hana a dawakai. Abin da Ibnu Umar ya yi ƙi ne, bai ce haramun ba, kuma aikin Annabi ke gaba. Idan aka bi waccan fahimta har ƙarshenta, sai a haramta wa makiyaya abin da Musulmi suka gada suna yi a gaban malamansu ba mai hanawa.

To amma 'yar'uwa, ke ban halatta miki ba, saboda abu biyu da kika faɗa da bakinki: sun fara cara, kuma yaro ne zai yi da reza.

Zakara ba rago ba ne. Marainansa a cikin ciki suke, manne da gadon baya kusa da ƙoda, dab da manyan jijiyoyin jini. Sai an tsaga tsakanin haƙarƙari biyu na ƙarshe, an buɗa, sannan a zaro su. Masu wannan aiki suna yi ne tun yana ƙarami, kafin ya wuce wata biyu zuwa uku. Da ya kai cara, marainan sun girma, hannu ya ɗan goce sai jini ya ɓalle a ciki ya mutu mushe. Imamu Nawawi ya kawo cewa an halatta fiɗiyar dabbar da ake ci tun tana ƙarama, an hana idan ta girma. An ba da izinin ne inda amfani ya rinjayi azaba. A naki azabar tabbas ce, asarar dukiyar marayu kuma ita ce mafi kusa.

Mafita na hannunki. Zakara ɗaya ya ishi kaji kamar goma. Idan suka yi yawa kajin ne ke shan wahala, ki duba bayansu za ki ga gashin ya zube, ƙwai ya ragu. Ki ware matasan a akurkinsu inda ba sa ganin kaji, faɗansu zai yi sauƙi, ki ba su dusa da tsakin dawa su yi nama, ki kai kasuwa. Wanda kika zaɓa ya gaji tsohon, ki riƙa zuba abinci da ruwa wuri biyu ko uku don kada a hana shi ci. Mai ido ɗayan ki yanka wa yara, halal ne. Barinsa a ƙarƙashin sara ba ci ba sha alhali kina gani, wannan ne abin da za a tambaye ki.

Ɗanki kuma kada ki kushe shi, taimakonki yake so ya yi. Idan yana sha'awar aikin, ki haɗa shi da malamin dabbobi ya koya da hannu, ya kuma tambayar miki rigakafin annobar kaji kafin hunturu, ita ce ke share akurki cikin kwanaki kaɗan.

Ki sa ido a kan yaran unguwa. Inda zakaru ke faɗa nan suke taruwa, daga kallo sai zuga, daga zuga sai a ɗora kuɗi. Haɗa dabbobi faɗa haramun ne, cacar kuwa ba ta buƙatar bayani. Zakaru bakwai suna cara da tsakar dare ma haƙƙin maƙwabta ne a kanki, musamman in akwai mara lafiya, don haka kada ki ja lokaci wajen rage su. In sun dame ki kada ki zage su, Annabi (SAW) ya hana zagin zakara domin yana tayar da mutane salla.

Wallahu a'alamu.