Tambaya da Amsa: Mene Ne Abin Yabo a Hoton Ƙwaƙwalwa Tunda Cutar Mantuwa Ba Ta Warkewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kakata ta wajen uwa ta yi shekaru tana fama da ruɗewar tsufa, har ta kai tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni. Na karanta cewa a ƙasashen waje ana bai wa masu binciken hoton ƙwaƙwalwa lambobin yabo a kan irin wannan cuta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mene ne abin yabo a hoto, tunda har yau babu maganin da ke warkar da ita? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Hajiya sauƙi, Ya kuma saka wa masu ɗawainiya da ita da alheri.

Lambobin suna nan, kuma wadda ta fi dacewa da tambayarki ita ce lambar de Leon, wadda Ƙungiyar Cutar Alzheimer (wani nau'in cutar mantuwa) ta Amurka ke bayarwa duk shekara ga maƙalun da suka yi fice a binciken hoton ƙwaƙwalwar masu cututtukan da ke cinye jijiyoyin kai sannu a hankali. An sa mata sunan Farfesa Mony de Leon, wanda ya daɗe yana aiki a Jami'ar New York, kuma yana cikin na farko da suka nuna a hoto cewa wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas, wanda ke ajiye sabbin abubuwan da mutum ya gani ko ya ji, yana motsewa tun cutar tana farkonta. Wannan motsewar ce ta sa za ki ga tsohuwa ta manta ko ta yi kalaci, amma ta kawo miki labarin ranar aurenta tiryan-tiryan. Abin da ya fi burge ni game da lambar shi ne ba manyan farfesoshi kaɗai ake dubawa ba, akwai rukunin sababbin masu bincike da ɗalibai.

Kafin mu je ga dalilin yabon, ya kamata a tuna yadda al'amarin yake a da. A shekarar 1906 likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa bayan rasuwarta, ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikinsu. Daga nan aka yi kusan shekara ɗari likita ba shi da hanyar ganin waɗannan dunƙulen, waɗanda ake kira amiloyid, sai bayan mai su ya kwanta dama. Muddin majinyaci yana raye, alamu kawai ake bi, alamu kuwa sukan yaudari likita, domin toshewar ƙananan jijiyoyin jini da wasu cututtukan daban ma suna haddasa mantuwa.

Wannan katangar ce William Klunk da Chester Mathis na Jami'ar Pittsburgh suka rusa. Sun ɗauki wani rini da aka daɗe ana shafa wa yankakken naman ƙwaƙwalwa a ɗakin gwaji, suka sake masa fasali yadda zai iya ratsawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwar mai rai, sannan suka maƙala masa wani sinadari mai fitar da haske da na'urar PET, mai ɗaukar hoton cikin jiki, ke iya gani. Ana yi wa majinyaci allurarsa a jijiyar hannu, ya kwanta a cikin na'urar, sai wuraren da amiloyid ya taru su fito jajur a allon kwamfuta. An fara gwada shi a jikin mutum a Uppsala ta ƙasar Suwidin a 2002, aka wallafa sakamakon a 2004. A 2008 aka ba su lambar Potamkin ta Kwalejin Likitocin Jijiya ta Amurka, wadda kuɗinta ya kai dala 100,000, tare da Clifford Jack na asibitin Mayo, wanda ya shahara da aikin MRI, wata na'urar hoton cikin jiki mai aiki da maganaɗisu. Sai dai sinadarin nasu yana da tangarɗa guda: ƙarfinsa na raguwa da rabi cikin kimanin minti 20, don haka dole a haɗa shi dab da inda na'urar take. Wani sinadarin irinsa da aka amince da shi a Amurka a 2012 yana kai kusan minti 110 kafin ya ragu da rabi, abin da ya ba da damar kai shi asibitocin da ke nesa.

Game da magani kuwa, gaskiyarki ce, babu mai warkarwa. Amma maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023, wanda ke rage saurin tsanantar cutar ba tare da tsayar da ita ba, ba a bayar da shi sai an tabbatar akwai amiloyid, kuma ana bin majinyaci da hoton MRI saboda yakan jawo kumburi ko ɗan zubar jini a ƙwaƙwalwa. A ganina, da babu hoton, da gwajin irin wannan magani ya zama lalube cikin duhu, domin ba za a san ko waɗanda aka ba shi suna ɗauke da abin da ake son kawarwa ba.

Hoton ya kuma tono wani abu da ya kamata ki riƙe a wajen aikinki: tsofaffi da dama suna da amiloyid a kai amma hankalinsu garau yake, saboda haka hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ita kuwa Hajiya, shawarata a kai ta wurin likitan jijiya ko na ƙwaƙwalwa, a auna hawan jini da sukari, a duba maƙoƙo da ƙarancin bitamin B12, domin waɗannan biyun na ƙarshe sukan kawo mantuwa kuma suna jin magani.