Ga 'yar uwar da 'yarta ta daina cin tuwo

Wallahi 'yar uwa, da na karanta cewa 'yarki mai shekara 15 ta ƙi abincin gida sai Indomie da lemon kwalba, har kina tunanin janye mata kuɗin tara, sai da gabana ya faɗi. Don Allah kar ki janye. Ni na yi.

Doka na kafa: wanda bai ci abin da aka dafa ba, sai ya kwana da yunwarsa. Tawa ko ƙamshin daddawa ta ji a miyar kuka sai ta ce zuciyarta na tashi. Na sa wa kicin kwaɗo. Ashe baiwar Allah shayi kawai take kurɓa da safe, ta wuni a kan awarar da ƙawaye suka sam mata, tuwon dare kuma ta juye a leda ta miƙa wa almajiri. Ni kuwa ina ganin kwano wayam ina cewa na yi maganinta.

Wata Asabar aka kawo min ita daga Islamiyya a adaidaita sahu, ta yanke jiki ta faɗi ana cikin hadda. Leɓenta fari fat. A asibiti likita ya ja fatar idonta ƙasa ya ce in duba, babu ja ko kaɗan. Ƙarancin jini. Ya ce budurwar da ta fara al'ada tana asarar jini duk wata, dole abinci ya mayar mata, kuma shayin da ake sha a kan abinci yana rage wa jiki samun sinadarin da ke gina jinin.

Abin da har yau yake ci min rai, yayar babansu ta zo dubiya, a gaban masu jinya ta ce, "Ai dama mun ji horon yunwa ake wa yaran." Ni! Ni da nake tafiya har 'Yankaba da ƙafata in sayo kayan miya. Babansu yana tsaye, ko uffan. Wannan shirun nasa ya fi maganar tata yi min ciwo. Har gobe in mun haɗu da ita a biki, gaisuwa ce kawai.

Yanzu ban hana Indomie ba, amma sai da ƙwai da alayyahu. Hanta ina sayo mata lokaci-lokaci, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ɗanwake ma tana ci in dai ita ta jefa da hannunta. Ki fara kai taki a auna jininta.

Kuma ki ja ta ɗaki ku biyu, ban da ƙanne. Tawa sai bayan an sallamo mu ta gaya min, tana kuka, cewa wata 'yar ajinsu ce ta kira ta buhun masara a gaban kowa, tun daga ranar ta tsani tuwo.