Injin yankan ciyawa yana aske gefe ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da filin wani masaukin baƙi a Garwa. Maigidana ya sayo injin yankan ciyawa da aka taɓa amfani da shi, irin wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta. Tun da damina ta kankama, in na bi fili sai gefen hagu ya aske ciyawa har jar ƙasa ta fito, na dama kuma ya bar ta tsaye. An ce in kai kwanon da wuƙaƙen ke ciki a yi masa walda. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bar mai walda ya huta tukuna, fara duba tayoyi. Kwanon nan rataye yake a jikin injin, taya ɗaya ta yi laushi, shi ke nan ya karkata. Ga ƙayar aduwa a ƙasarmu, tana shiga taya ta riƙa sace iska a hankali. An taɓa ɗauko mini irin wannan injin a bayan mota har garejina a Marwa, mai shi ya kwance duk notin da hannunsa ya kai, alhali iska ce kawai babu a tayar baya. Gyaran ɓarnarsa ya cinye mini wuni guda. Galibin irin waɗannan injina suna son iska kusan bar 1 (ma'aunin ƙarfin iska) a tayoyin gaba, 0.7 a na baya, amma abin da littafin injinka ya ce shi za ka bi. Hagu da dama dai su zo daidai.

In ka sa iska bai daina ba, sai awo. Ajiye shi kan daɓen siminti, ka kashe, ka zare makulli, ka cire wayar buji, wanda 'yan Najeriya ke kira fulogi. Sa safar hannu mai kauri, ka juya wuƙaƙen bakinsu ya kalli hagu da dama. Auna daga ƙasa zuwa bakin wuƙa, ba zuwa leɓen kwano ba, don leɓen yakan lanƙwashe ya yi maka ƙarya. Bambancin kada ya wuce milimita 3. In ya wuce, akwai noti a sandar da ke riƙe kwanon. Juya shi rabin zagaye, ka sake aunawa. Rabi-rabi, ban da gaggawa.

Sannan ka juya wuƙar ta kalli gaba da baya. Nan mutane ke kuskure, suna so ya zo daidai cif. A'a, gaba ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6, don wuƙa ta yanki ciyawa sau ɗaya ta wuce. In baya ne a ƙasa, yanka biyu take yi, injin ya wahala, mai ya tafi.

Idan kuwa baki biyu na wuƙa ɗaya suka ba ka awo daban a wuri guda, ta daki suri ko marmara ta lanƙwashe. Kada ka miƙe ta da guduma, tana iya tsagewa ta yi tsalle tana cikin gudu. Sayi wata. Wadda ta dakushe kawai, wasa ta da magagari, ka rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya. Ɓangaren da ya rinjaya, ƙara goge shi.

Ɗanyar ciyawar Agusta kuma takan manne a cikin kwanon kamar laka, ita ke jawo tsatsa. Kankare ta da ɗan katako duk ranar da ka gama aiki. In ka ɗaga kwanon ka ga haske ta wata huda, to a nan ne mai walda zai ci kuɗinka.