Ekuter ba ya kare kunne daga ƙarar inji: amsa ga mai garejin walda

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce yaranka na gareji wuni suke da ekuter a kunne suna jin waƙa, da ka yi magana ɗayansu ya ce ai kunnensa yake karewa daga ƙarar injin yankan ƙarfe. Kana so ka san ko da gaskiya a maganarsa, da kuma yadda za ka ɓullo musu. Ni aikin katako nake yi nan Maraɗi, na daɗe tsakanin injin tsaga da na fira, yara da dama sun bi ta hannuna, don haka wannan gardama ba baƙuwata ba ce.

Yaron ba ƙarya ya shirga maka da gangan ba. Da ya sa abin ya daina jin kukan injin, sai ya ɗauka ƙarar ta ragu. Ba ta ragu ba, rufe ta ya yi da wata ƙarar da ta fi ta. Ekuter na waya ba a yi shi don toshe ƙara ba, kukan injin yana shiga kusan yadda yake, shi kuma dole ya ƙara sautin waƙar har ta danne injin kafin ya ji daɗinta. Kunnen sai ya sha biyu, ta biyun ma a bakin dodon kunne take tashi.

Ƙara da awonta, desibel ake ce masa. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Masu kula da lafiyar ma'aikata sun tsayar da 85 a matsayin iyakar abin da kunne zai ɗauka cikin awa 8 na aiki, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, in an kai 100 kuwa minti 15 ne kacal. Injin yankan ƙarfe in ya kama aiki yana kai wa kusan 100 ɗin nan, wayoyi da yawa kuma in an ƙure sautinsu suna kai haka ko su wuce. To ka lissafa yaron da ke yanka tun hantsi har azahar, ga gurup, wato injin ba da wuta, yana kuka a gefensa in wuta ta ɗauke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti, kuma shawararta ga babban mutum ita ce kada ya wuce 80 na awa 40 a mako. Namu yaran kafin su taɓa waya ma inji ya riga ya cinye musu wannan kason.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da zafi shi ne ɓarnar ba ta gyaruwa. Can cikin kunne akwai wasu ƴan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen dubu 15 a kowane kunne, su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Kamar sabuwar shukar hatsi ce: in aka taka sau ɗaya takan miƙe, in aka mayar da wurin hanya ta mutu ke nan. Su kuma in sun mutu ba sa sake fitowa, babu allura babu ƙwaya. Ga shi ba ciwo, ba jini, shi ya sa yaro ba ya jin tsoro. Alamar farko ita ce a tashi aiki kunne ya yi dum, ko mutum ya kwanta da dare ya ji wani siririn ƙugi ba ya tsayawa. Da safe ya washe, sai a ce ba komai.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya ƙare ƙuruciyarsa a injin niƙa. Ba kurma ba ne, in kuna ku biyu a zaure kuna hira lafiya lau. Amma a wurin ɗaurin aure ko cikin kasuwa sai ka ga ya zuba wa bakinka ido, yana murmushi yana gyaɗa kai a inda ba na gyaɗawa ba. Muryoyi yana jin su, kalmomin ne ba ya rarrabewa, domin siraran sautuka irin su "s" da "sh" da "ts" su ke fara tafiya. Jikokinsa sai sun dafa kafaɗarsa kafin ya juyo. Har wasu suna cewa girman kai ne ya sa ba ya amsa gaisuwa, Allah sarki. Shi fa inji kaɗai ya sha, a zamaninsu babu waya.

Ɗaya haɗarin kuma ba ya jiran shekaru. Kai ka fi ni sanin cewa mai sana'a da kunne yake aiki: faifan yanka in ya tsage ko ya kwance, kukansa yakan canza kafin ya tarwatse. Mai waƙa a kunne ba zai ji ba. Ni na taɓa ganin an jingina katakai sun fara zamewa, wani yarona yana tsugunne ya ba su baya, muka yi ta kwaɗa masa kira a banza, sai da wani ya jefe shi da guntun itace sannan ya zabura. Igiyar ekuter ɗin ma tana reto kusa da abin da ke juyawa. 

Yanzu yadda za ka yi da su. Ƙwace waya ba ya aiki. Ka ƙwace yau, gobe ya sayo ƙaramin nan marar igiya ya tura ƙarƙashin hula. Wa'azin "za ka kurumce in ka tsufa" shi ma ɗan shekara 17 ba ya jin sa. Abin da na ga yana kama su shi ne su gwada da kansu. Da safe kafin a tada komai, ka sa kowa ya kunna wani karatu ko labarai, ya rage sautin har inda da ƙyar yake ji, ya bar shi nan. Da yamma bayan an kashe injuna ya sake kunnawa bai taɓa komai ba. Da yawansu za su ji abin ya dushe, wani ma ba zai ji ba sam. Ranar da muka yi wannan a wurina surutu ya ragu. Gwaji na biyu: ka tsaya nisan hannu ɗaya da yaro, in sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, ƙarar wurin ta kai ta ɓarna.

Sannan kada ka hana ba ka ba da madadi ba. Ka sayo abin toshe kunne na soso, ba shi da tsada, ana samu wajen masu sayar da kayan aiki da wasu kantunan magani. Sai an koya musu sa shi: a murza ya zama siriri, a ja saman kunne da ɗaya hannun, a tura, a riƙe kamar rabin minti har ya kumbura. Auduga ba ta tsare wani abin kirki, kada a ruɗe ka. Kaske na hana ƙara, wanda ke rufe kunnuwa gaba ɗaya, shi ma yana da kyau, amma a zafin Afrilu da Mayu gumi ke sa su cire shi su rataya a wuya, don haka na soso ya fi zama. Kuma kai ka fara sawa. In maigida yana yanka da kunne a buɗe, ba yaron da zai toshe nasa.

Dokata a wurin aiki gajera ce: in inji na juyawa babu ekuter. Lokacin fenti, ko goge katako da hannu, ko hutun azahar, wanda ke son waƙarsa ya ji, amma kada sautin ya wuce kashi 60 cikin ɗari. Wayoyi da yawa suna nuna gargaɗi in an zarce, yaranmu dannawa suke su wuce, ka nuna musu amfaninsa. Gurup kuma ka fitar da shi waje in da hali, yankan ma a riƙa karɓa-karɓa, kada yaro ɗaya ya wuni a kai. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare lafiyarsu, kuma ko babu doka iyayen yaran nan amana suka ba ka. In kuna da ƙungiyar masu walda, ranar 3 ga Maris ita ce ranar ji ta duniya, kuna iya gayyatar ma'aikacin lafiya ya yi wa yaran garejoji bayani gaba ɗaya.

Wanda ƙugin kunnensa ya kwana ya wuni bai tafi ba, ko ka lura ya fara yawan "me ka ce?", ka tura shi babban asibiti wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ORL suke rubutawa a ƙofar, a auna jinsa. Kada a ɗiga masa mai, kada a soka ashana. In kuwa kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, wannan ba na jira ba ne, a tafi ranar.