Tambaya da Amsa: Da gaske ana bin sawun kifin teku da na'ura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da kifin ƙanƙara ne a kasuwar Sabon Gari, nan Kano. Wani kwastomana ya ce Turawa na sa wa kifin teku GPS suna bin sa duk inda ya shiga, har ya ce wataƙila akwai a cikin titus ɗin da nake sayarwa. Da gaske ne? Ta yaya ma za a bi sawun abin da ke ƙarƙashin ruwa?

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Kwastoman naka ya ji ƙishin-ƙishin, amma labarin bai iso masa daidai ba. Ana bin sawun kifi, sai dai a ƙarƙashin ruwa ba da GPS ba, domin saƙon tauraron ɗan'adam ba ya ratsa ruwan gishiri. Haske ma ba ya nisa a can. Abin da ruwa ke ɗauka da kyau shi ne sauti: yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, alhali a iska bai wuce mita 340 ba. Saboda haka da kunne ake aikin.

Tsohuwar hanyar ita ce ta amsa-kuwwa. Jirgi ya aika ƙara zuwa ƙasa, ta daki abu ta dawo, a auna lokacin da ta ɗauka. In ta dawo cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, abin na zurfin mita 150 ke nan. A 1935 wani masani ɗan Norwe, Oscar Sund, ya yi amfani da ita ya gano garken kifin kod a tsibiran Lofoten. Kifin nan ne ake busarwa a kawo mana, wanda maƙwabtanka 'yan kabilar Ibo ke kira okporoko.

A nan sana'arka ta shigo. Ka san farar jakar iskar nan da ake samu a cikin kifi idan ana gyara shi? Ita ce ke mayar da mafi yawan sautin, ba tsokar ba. Shawa na da ita, don haka garkenta na fitowa ɓaro-ɓaro a allon na'ura. Titus ɗinka kuwa Allah bai yi masa jakar ba sam. Shi ya sa yake wahalar da masu ƙidaya, sai sun koma ga sauti mai tsananin siranta kafin su gan shi sosai. Gobe in ka buɗe shawa da titus gefe da gefe, ka duba da idonka.

Da wannan hanya aka gano wani abin mamaki lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Masu binciken sojan ruwan Amurka sun riƙa ganin kamar ƙasan teku a zurfin ɗaruruwan mita, inda ba a nan ƙasan take ba, kuma da dare sai “ƙasar” ta taso sama. Ashe tarin ƙananan kifaye ne da wasu halittu, suna hawowa kiwo da duhu, su koma ƙasa da asuba don gudun masu cin su.

Amsa-kuwwa garke take nunawa, ba ta san wane da wane ba. In ana son halin kifi guda, sai a kama shi, a sa masa maganin barci, a ɗan tsaga ciki a saka wata na'ura mai kamar ƙaramin batir, a ɗinke, a sake shi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada nauyinta ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin kifin, don kada ta canja masa iyo. Tana fitar da ƙara lokaci-lokaci, galibi a kan kilohaz 69, nesa da abin da kunnen mutum ke ji, kuma kowace da lambarta. An riga an dasa na'urorin saurare a ƙasan teku. Duk wadda kifin ya gifta cikin 'yan ɗaruruwan mita, ta rubuta lambarsa da lokaci. In uku suka ji shi a tare, bambancin lokacin isar sautin ya nuna inda yake. Wasu na'urorin har zurfi suke aunawa da yawan kaɗa wutsiya, a san ko gudu yake ko hutawa. Jami'ar Dalhousie da ke Halifax a Kanada na jagorantar babbar haɗakar masu wannan aiki, kuma a Yammacin Ostiraliya da shi ake gargaɗin masu wanka idan kifin shak mai lamba ya matso gaɓa.

Ni dai ina ganin ana zuzuta abin fiye da kima. Inda babu na'urar saurare, kifin ya ɓace ke nan, kuma teku ba dam ɗin Tiga ba ce da za a zagaye. Babban kifi na iya haɗiye mai lambar, masana su yi kwanaki suna rubuta tafiyar wanda ya ci shi. An ma gwada an ga dabbar tekun nan da ake kira sil na jin ƙarar, tana bin ta ta sami abinci, kamar an ɗaura wa akuya ƙararrawa a dajin kuraye.

Batun katan ɗinka kuwa, kwantar da hankalinka, Alhaji. Kowace na'ura ɗaruruwan daloli ce, bincike guda kan sa wa kifi gommai ne ko ɗaruruwa, a tekun da ake kamo titus da tan-tan. Ko da ƙaddara ta kawo maka ɗaya, a cikin ciki take, za ta fito tare da hanji, kuma ba mai jin ta a Sabon Gari. Kada dai ta shiga kaskon suya, akwai batir a ciki.